Sharhi kan faifan wasannin Jami'ar Oklahoma na kakar 1956

Wannan faifai ya tattara hotunan bidiyon wasannin ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ƙungiyar Jami'ar Oklahoma ta buga a 1956, shekarar da koci Bud Wilkinson ya jagorance ta ta ci dukkan wasanninta 10, ta tara maki 466 yayin da abokan hamayyarta suka samu 51 kacal, kuma aka ayyana ta zakarar ƙasa karo na biyu a jere. Tare da shi akwai ɗan littafin bayani.

Hotunan baƙi da fari ne, an ɗauke su daga saman filin wasa, babu murya kuma babu agogo a kan allo, amma gyaran da aka yi musu ya isa a karanta lambar rigar ɗan wasa. Wannan nisan ne ma amfaninsu, domin mai kallo yana ganin 'yan wasa 22 a lokaci guda, yana kuma fahimtar abin da alƙaluma ba sa nunawa, wato saurin da 'yan Oklahoma ke yi wajen sake jeruwa bayan kowane tsayawa, tun abokan karawarsu ba su gama miƙewa ba. Ƙa'idar wancan zamani ta taƙaita canjin 'yan wasa, saboda haka 'yan wasan Oklahoma irin su Tommy McDonald da Jerry Tubbs da ake gani suna kai hari su ne dai ake gani suna tsaron gida bayan ɗan lokaci.

Wasan da ya fi cancantar kuɗin mai saye shi ne wanda suka yi da Jami'ar Colorado a garin Boulder. An tafi hutun rabin lokaci Oklahoma tana da 6, Colorado tana da 19, kuma a hoton ana ganin yadda masu masaukin suka riƙa tura su baya ba tare da tsoro ba. Bayan an dawo Colorado ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 27 da 19. A nan ne kaɗai aka matsa wa Oklahoma har ta nuna abin da ke cikinta. Nasarar 40 da babu a kan Jami'ar Notre Dame ma tana da daɗin kallo, musamman ga wanda ya san cewa Paul Hornung na ƙungiyar da aka lallasa ne ya lashe kyautar Heisman, wato ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a shekarar, alhali ƙungiyarsa wasa 2 kawai ta ci cikin 10. Sauran wasannin, irin 66 da babu a kan Kansas State, kallo ɗaya ya ishe su.

Inda aikin ya gaza shi ne littafin bayanin, wanda yabo ya cinye shi. Bai bayyana cewa ƙa'idar Big Seven, rukunin jami'o'in da Oklahoma take ciki a lokacin, wadda ta hana ƙungiya zuwa wasan ƙarshen kaka na Orange Bowl sau biyu a jere, ita ce ta sa kakar ta ƙare ba tare da babban wasan rufewa ba. Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ya yi kan Prentice Gautt, baƙar fata na farko a ƙungiyar, wanda ya shiga jami'ar a wannan shekarar kuma ya fara buga wa babbar ƙungiya a 1957. Wanda ke kallon waɗannan 'yan wasa fararen fata zalla yana da haƙƙin sanin dalili.

Wanda ya riga ya san dokokin wasan zai amfana ƙwarai. Sabon shiga kuwa zai sha wuya da rashin mai sharhi, kuma gara ya fara karanta tarihin jerin nasarori 47 da Oklahoma ta yi daga 1953 zuwa Nuwamban 1957, lokacin da Notre Dame ta katse shi da ci 7 da babu.