Disney da ESPN, ko Universal da Peacock: wanda ya fi dacewa da mai son Firimiya da yaran da suka tasa

Assalamu alaikum. Malam, shawarata ita ce ka yi rajista da manhajar kallo ta Peacock, kuma idan hutu ya zo ka kai yaran wuraren shaƙatawa na Universal a Orlando, jihar Florida. Ka tambaya ko sayen Fox da kamfanin Disney ya yi ya tara komai a gida ɗaya, wato ƙwallon da kake kallo da jaruman da yaranka 'yan shekara 9 zuwa 14 suke so, ta yadda ba sai ka kashe kuɗi a wani wuri ba. Bai tara ba. Ni ma na taɓa yin wannan lissafin, kuma aljihuna ne ya ɗauki nauyinsa.

A ƙarshen 2019, lokacin da aka fara sayar da Disney+ da Hulu da ESPN+ a ƙunshi ɗaya, na shiga ba tare da na karanta jerin gasannin da ke ciki ba, domin a tunanina kamfanin da ya biya dala biliyan 71.3 ya sayi Fox ai ba za a rasa gasar Firimiya a wurinsa ba. Asabar ta farko na zauna da shayina na yi ta bincike, ban ga wasa ko ɗaya ba. Laifina ne, domin babu inda suka taɓa cewa suna da ita. Haƙƙin nuna Firimiya a Amurka yana hannun NBC tun kakar 2013, kuma a watan Nuwamban 2021 suka sabunta yarjejeniyar na shekara shida, zuwa 2028, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai kimanin dala biliyan 2.7. NBC kuwa ta kamfanin Comcast ce, wanda shi ne mai Peacock, shi ne kuma mai wuraren shaƙatawa na Universal.

Abin da na fahimta daga baya shi ne sayen kamfani kamar sayen gida ne da 'yan haya a ciki. Wanda ya sayi gidan ya zama maigida a takarda, amma ɗan hayar da ya riga ya biya kuɗin shekaru kuma yake riƙe da shaidarsa ba zai tashi don an canza maigida ba. Haka kuma ba dukan ɗakunan ake sayarwa ba. A cinikin Fox da aka kammala a watan Maris na 2019, iyalan Murdoch sun riƙe tashar Fox ta gama-gari da Fox News da tashoshin wasanni na ƙasa baki ɗaya, wato FS1 da FS2, kuma da su haƙƙin nuna gasar cin kofin duniya da Turanci ya zauna. Dokar Amurka ma ba ta yarda kamfani ɗaya ya haɗa biyu daga cikin manyan tashoshi huɗu na ƙasar ba, Disney kuwa yana da ABC tun 1996, kuma ta wannan cinikin ne ESPN ta shigo hannunsa. Tashoshin wasanni na yankuna guda 22 da suka zo a cikin kayan Fox, ma'aikatar shari'a ta ce dole Disney ya sayar da su saboda haɗa su da ESPN zai danne gasar kasuwa. Kamfanin Sinclair ya sayi 21 daga ciki, kuma reshen da ya riƙe su ya nemi kariyar kotu saboda bashi a watan Maris na 2023. Wato a fagen wasanni a cikin Amurka, wannan gagarumin ciniki bai ƙara wa mai kallon ESPN kusan komai ba. Abin da ya kawo shi ne finafinai da shirye-shirye da rinjaye a kan Hulu.

A wuraren shaƙatawa maganar ɗan haya ta fi fitowa fili, kuma ɗana ne ya sa na bi diddiginta. Wata Asabar a ƙarshen 2023 mun tashi daga Atlanta da mota, tafiyar kusan awa bakwai, muka shiga Islands of Adventure, ɗaya daga cikin wuraren Universal a Orlando, da safe. Muna karya kwana muka tarar da hoton Spider-Man mai tsayin bene, ga kuma koren dogon lilon Hulk yana ruri a saman kanmu. Yaron, a lokacin yana da shekara 12, ya tsaya cak ya ce, "Baba, ba Disney ne ke da waɗannan ba? Me suke yi a nan?" A ranar ban iya ba shi cikakkiyar amsa ba. Amsar ita ce a 1994, lokacin da Marvel ke neman kuɗi ido rufe, ya sa hannu a wata yarjejeniya da ta ba Universal damar amfani da waɗannan jarumai a wurin shaƙatawa a gabashin kogin Mississippi, kuma ba a sa mata ranar ƙarewa ba muddin Universal na cika sharuɗɗa. Da Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, ya tarar da wannan takarda tana jiransa. Shi ya sa har yau ba za ka ga lilon Spider-Man ko na Hulk a Walt Disney World ba. Unguwar Avengers da Disney ya gina sai da ya kai ta California a 2021, sannan Faris a 2022. A Florida abin da ya iya yi shi ne lilon Guardians of the Galaxy a Epcot, ɗaya daga cikin wuraren Walt Disney World, a 2022, domin su Universal bai yi amfani da su ba. Haka zancen yake da Simpsons: sun zama mallakar Disney ta hanyar cinikin Fox, amma unguwarsu tana cikin Universal Studios bisa hayar da aka ƙulla tun kafin cinikin.

Ba zan manta da wannan ranar ba. Lilon Hulk yana buƙatar tsayin inci 54, kusan santimita 137, kuma ƙaramar 'yata ba ta kai ba, don haka mahaifiyarsu ta shiga layi da manyan biyu, ni kuma na zauna a inuwa da ƙaramar da jakunkuna. Ƙarfe goma na safe ne a Florida, daidai da ƙarfe uku na yamma a Ingila. Na buɗe Peacock a waya na sami wasan Fulham, Alex Iwobi da Calvin Bassey duk suna cikin fili, yarinyar tana shan ƙanƙararta tana tambayata wane ne ɗan Najeriya a cikinsu. Mutumin da ke zaune a Landan ba shi da damar kallon wannan wasan kai tsaye a talabijin ɗinsa, saboda ƙa'idarsu ta hana nuna wasannin ƙarfe uku na Asabar, ni kuwa ga shi a tafin hannuna. Da manyan suka sauko, ƙafafunsu na rawa suna dariya, sai suka ce a sake. Mun sake har sau biyu kafin azahar.

Wajibi ne in gaya maka iyakar Peacock kafin ka biya. Ba dukan wasannin Firimiya take nunawa kai tsaye ba. Kowane mako ana raba su ne tsakanin tashar NBC da USA Network da Peacock, kuma waɗanda aka ba USA Network sai dai ka kalli maimaicinsu daga baya, ko ka haɗa da wani tsarin da ke ɗauke da tashar. Idan kai ɗan Arsenal ne ko Manchester United ko Chelsea, za ka ci karo da wannan a wasu makonni, domin ana yawan ɗora manyan ƙungiyoyi a talabijin. A watan Nuwamban 2024 kuma Comcast ya sanar da cire USA Network da wasu tashoshi zuwa wani kamfani dabam da aka sa wa suna Versant, don haka kada ka sa rai waɗannan wasannin za su koma cikin Peacock nan kusa. Ka ga rabuwar kamfani ma tana taɓa mai kallo kamar yadda haɗewa ke taɓa shi. Duk da haka, a farashin 2025 na dala 10.99 a wata, ga Firimiya ga kuma ƙwallon kwando ta NBA da ta dawo NBC a waccan shekarar bisa yarjejeniyar shekara 11, ban taɓa jin an cuce ni ba.

Ɓangaren Disney kuwa yana da nasa, ba zan hana shi ba. ESPN ce ke da La Liga tun 2021, tana kuma da kofin FA, saboda haka ɗan Real Madrid ko Barcelona can ya kamata ya nufa, kuma cikakkiyar manhajarta an buɗe ta ne a watan Agustan 2025 a kan dala 29.99 a wata. Magic Kingdom na Disney ya fi dacewa da 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, waɗanda yawancin manyan lilon Universal za su mayar da su baya saboda tsayi. Naka yaran sun wuce nan. Gasar Zakarun Turai kuma babu ita a ko ɗaya daga cikin biyun da Turanci, tana Paramount+, kuma haɗewar Paramount da Skydance a Agustan 2025 ba ta motsa ta daga can ba.

Inda ciniki ya canza abin da ido ke gani da gaske shi ne inda aka ba shi shekaru. Comcast ya karɓi rinjaye a NBCUniversal a 2011, ya cike sauran a 2013, sannan ya sayi DreamWorks Animation a 2016 a kan dala biliyan 3.8. Sai a ranar 22 ga Mayun 2025, shekara tara bayan nan, aka buɗe Epic Universe a Orlando da wata unguwa sukutum da aka gina a kan fim ɗin dodannin DreamWorks. A cikin wannan sabon wurin ma, unguwar Nintendo ta haya ce daga kamfanin Japan, ta Harry Potter kuma daga Warner Bros. take, kamar sauran biyun da aka buɗe a 2010 da 2014. Duk wanda ya mallaki Warner Bros. a gobe zai tarar da wannan yarjejeniya kamar yadda Disney ya tarar da ta Marvel. Ko unguwar Avatar da ke Animal Kingdom na Disney, wadda mutane da yawa ke ɗauka ribar cinikin Fox ce, an buɗe ta tun Mayun 2017, kusan shekara biyu kafin a kammala cinikin. Don haka duk labarin haɗewar da za ka ji a wannan shekarar, ba zai canza abin da yaranka za su hau a hutun nan ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. A kan titunan da ke kewaye da wuraren nan, musamman wajen Kissimmee, za ka ga rumfuna da alluna suna tallar tikiti a rabin kuɗi. Wasu ragowar tikitin kwanaki ne da wani ya fara amfani da shi, kuma sayar da irinsa laifi ne a dokar Florida. Tikitin yana ɗaure da yatsan mai shi ko hoton fuskarsa tun ranar farko, saboda haka a bakin ƙofa za a tsayar da kai a gaban 'ya'yanka, mai rumfar kuma ba zai san da zamanka ba. Wasu kuma tikitin na gaske ne, amma sharaɗinsa sai kai da maiɗakinka kun zauna sa'o'i ana matsa muku ku sayi kason gidan hutu, rabin yininku ya tafi. Araha ba ta ado. Ka saya daga shafin kamfanin da kansa ko daga dillalin da aka amince da shi a hukumance.

Irin wannan cutar tana nan a harkar kallo ma, kuma ta fi kama mutanenmu saboda da harshenmu ake zuwa mana. Wani ya taɓa sayar mini da ƙaramin akwati da alkawarin dukan tashoshin duniya na shekara guda, har da SuperSport da muka saba da ita a gida. Bai kai wata biyu ba ya mutu, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga. Haƙƙin nuna wasa ƙasa-ƙasa ake sayar da shi: SuperSport ta Afirka ce, kuma karɓar ragamar MultiChoice, wato kamfanin da ya mallake ta, da Canal+ na Faransa ya yi a Satumbar 2025 bai ba ta izinin nuna Firimiya a Amurka ba, kamar yadda Peacock ɗinka ba za ta yi wa ƙanenka aiki a Kano ko Zinder ba. Wanda ya ce maka haɗewar kamfanoni ta buɗe masa wata ƙofa ta musamman, ƙarya yake yi. Kada kuma ka ba kowa lambar katinka na banki don ya yi maka rajista.

Ka yi Peacock ta wata-wata daga Agusta zuwa Mayu, ka dakatar da ita idan kakar wasa ta ƙare. Kuɗin kallo da tikitin shiga abubuwa biyu ne dabam ko da kamfani ɗaya ne, rangwamen da ake haɗa su da shi kuma yana zuwa yana wucewa, don haka kada ka gina lissafinka a kansa. A Orlando ka sayi tikitin da ke ba ka damar shiga Universal Studios da Islands of Adventure a rana ɗaya, domin jirgin ƙasan Harry Potter da ke haɗa su ba ya ɗaukar wanda ba shi da irin wannan tikitin, kuma ka ware wa Epic Universe yini guda cur, tunda yana can gefe da ɗan nisa. Kafin ku tashi ka tsayar da ɗan shekara taran a jikin bango da takalminsa ka auna shi: inci 48 zai hau yawancinsu, VelociCoaster yana son 51, Hulk kuma 54. Allah ya kai ku lafiya.