Kaɗanya, basilin ko na kanti: wane mai zai shiga jakar matafiya?

Duk wadda ta taɓa hawa motar dare daga Kumasi zuwa Tamale a watan Janairu ta san inda fata take fara kuka. Har Techiman lafiya lau ake tafiya. Da an wuce Kintampo iska ta juya, leɓe ya soma tsagewa, kafin a tsallake gadar Buipe ƙafa ta yi fari fat kamar an tsoma ta a toka. Ga sanyin na'urar mota yana hura miki a fuska tun daga tasha, shi ma tsotse danshin jiki yake yi. Ni 'yar unguwar Aboabo ta Kumasi ce, fatauci nake yi tsakanin Kumasi, Tamale da Bolga, wani lokaci in gangara Ankara, wato Accra, sarin kaya a Makola. Hanya ta koya mini cewa man da ya yi miki kyau a ɗakinki ba lallai ya yi miki rana a kan titi ba.

Abu uku nake tambayar kaina kafin in saka mai a jaka. Zai zube ya ɓata mini kaya? Zai riƙe fata daga asuba zuwa la'asar ba tare da an sake shafawa ba? Sannan na san abin da ke cikinsa? Ta ukun ita ce babba a wurina, kuma zan faɗi dalili.

Ba zan ɓoye ba, man kaɗanya ne nawa. Asantawa suna ce masa nkuto, kuma duk wanda kika gani a kasuwar Kejetia ta Kumasi ko kasuwar Nima ta Ankara daga arewa ya sauko, daga wajen Tamale, Walewale, Wa da Bolga, inda itacen kaɗanya yake fitowa da kansa a daji. Mata ne suke tsintar 'ya'yan da damina, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su zauna suna buga shi da hannu a cikin ruwa har man ya taso sama fari-fari. A kwashe a sake dafawa ruwan ya ƙone, a tace, a zuba a ƙwarya ya daskare. Kin ga babu inda wani sinadari ya shigo.

Abin da ya sa ya dace da tafiya shi ne taurinsa. A gwangwani daskararre ne, sai ya ji ɗumin tafin hannu yake narkewa, don haka ba ya tsiyaya a jaka sai dai in kin bar shi a rana ko a kusa da injin mota. Ɗan kaɗan kamar ƙwayar gyaɗa ya ishi hannu biyu. Shi ne na leɓe, shi ne na gwiwar hannu, shi ne na faso, shi ne na gefen hancin yaro in hunturu ya busar da shi. Gwangwani ɗaya ya ɗauke aikin kwalba huɗu, mai ɗaukar kaya kuwa ta san darajar wannan. Sirrin shafa shi ɗaya ne: a shafa jiki yana da lema, da fitowa daga wanka ko bayan alwala, domin aikinsa kulle ruwan da ke kan fata ne. In kika bari kika bushe ƙarau sannan kika lafta, maiƙo kawai za ki yi.

Yana da nasa aibin, kada a ce na yi son kai. A Ankara, inda iskar teku ba ta barin zufa ta bushe, in kin lafta shi da rana za ki ji kamar an naɗe ki a leda, kuma mai maiƙon fuska tana iya samun ƙuraje. A can da dare kawai nake shafawa, a ƙafa da hannu, fuska kuwa ɗan abin da ya rage a tafi. Wasu kuma ba sa son warinsa na hayaƙi. Ni wannan warin shi ne shaidar cewa na gaske ne.

Man kwakwa ba na tafiya ba ne. Yana narkewa tun a zafin digiri 24, wato a Gana kusan kullum ruwa ne, kuma na taɓa yin asarar atamfa turmi biyu saboda murfin da ya saki a ƙarƙashin mota. Man koko na kwalba kuwa, ko da yake Gana tana cikin manyan ƙasashen duniya wajen noman koko, ki juya kwalbar ki karanta: ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma sau da yawa kokon can ƙasa yake, ƙamshinsa kika saya. Man kanti mai ruwa-ruwa na matsawa ya yi wa Ankara daidai, a Tamale da hunturu kafin ki gama ɗaura ɗankwali ya bi iska.

Basilin ne kaɗai nake ɗaga wa hula. Ba ya lalacewa, ba ya zubewa, ba shi da tsada, kuma a wajen kulle danshi babu mai kama ƙafarsa. Matsalarsa ƙura. Ki shafa shi ki zauna a keken Tamale minti goma, ki ga yadda jar ƙasa za ta manne miki a ƙwauri. Na dare ne, a shafa a dunduniya a sa safa. Alhazai maza kuma sun san amfaninsa, don mai harami ba ya sa wando, tafiyar Mina da jifa kuwa tana goge cinya har ta saɓule. Sai dai mai harami an hana shi turare, kuma a mazhabar Malikiyya har man da ba shi da ƙamshi akwai bayani a kan shafa shi, don haka a tambayi malamin tawaga tun kafin a ɗaura.

Akwai aikin da duk waɗannan ba sa yi, har da kaɗanyar tawa: kare fata daga rana. Masu cewa baƙar fata ba ta ƙonewa ba su tsaya a Arfa da azahar ba. A hajjin 2024 zafi a Makka ya haura digiri 50, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Lemar tare rana da ruwan sha su ne na farko. Bayansu sai man kare rana mai lambar SPF 30 ko sama, wanda yake tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, a sake shafawa duk bayan awa biyu. Ki gwada a bayan hannunki a shagon magani kafin ki biya, don wasu suna barin farin toka-toka a fatarmu. In jirgi za ki hau, daga Ankara ko Tamale, duk mai ko kirim da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Ƙwaryar da kika yi wa 'yar'uwa tsaraba ta tafi babban akwati, a ɗaure a leda biyu. Iskar cikin jirgi a bushe take kamar ta hunturu, ɗan gwangwanin aljihu zai yi miki amfani a can sama.

Yanzu ga dalilin tambayata ta uku. Wata shekara ina sauri zan kama motar Bolga, na manta gwangwanina a gida. A bakin tasha wata mai tire ta nuna mini wani kirim a roba mai kyau, da hoton 'ya'yan kaɗanya a jiki. Ta ce, "Hajiya, wannan kaɗanya ce zalla, an dai gyara ta ne an cire warin." Na saya. Sati biyu ina shafawa, mutane suna cewa tafiya ta karɓe ni, na yi haske. Da ya ƙare na koma wa nawa, cikin kwana uku fuskata ta ɗauki zafi kamar an shafa barkono, ƙuraje suka feso, kumatu suka yi ja. Mai shagon maganin da na kai wa robar ya duba ya ce alamun maganin sitiroyid ne, irin wanda likita yake rubutawa na 'yan kwanaki don cutar fata. An zuba shi a kirim an sayar mini da sunan kaɗanya. Wata uku na yi kafin fuskata ta dawo.

Masu haɗa irin wannan abu uku suke zubawa. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa, ya buɗe wa makero da ƙyasbi ƙofa. Haidrokwinon, sinadarin bilicin wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, wato FDA, ta hana a kayan shafa tun 2016, in an daɗe ana shafa shi yana barin baƙin tabo a kumatu wanda da wuya ya goge. Zaiba kuwa ba a fata take tsayawa ba, ƙoda take bi. Matafiya sun fi kowa cutuwa, don fatar da aka sirantar ba ta jure ranar hanya, kuma in man ya ƙare miki a garin da ba a sayar da shi, a can ciwon zai tashi. Duk robar da ba ta da sunan wanda ya yi, ba ranar lalacewa, ba lambar rajistar FDA, ajiye ta. Duk wanda aka ce miki "haɗin gida ne, sirri ne", ajiye shi. Duk man da ya sauya miki launi cikin sati biyu, ko an rantse da me, akwai magani a ciki.

Ita kanta kaɗanyar ƙwarya ba ta tsira daga ha'inci ba. Akwai masu barin ruwa a ciki don nauyi, akwai masu cuɗa ta da wani mai mai arha. Ki gutsiri kaɗan ki murza a bayan hannu: ta gaske tana narkewa ta shige, ba ta barin gari-gari, ba ta kuma fitar da ɗigon ruwa. A gida ki sa cokali ɗaya a ƙaramin kofi ki tsoma gindinsa a ruwan zafi. Mai kyau zai zama mai garai-garai, ruwa ko gari kuwa za su kwanta a ƙasa ki gan su da idonki. Launi ba hujja ba ne. Asalinta fari ne mai ɗan duhu, mai ruwan ɗorawar kuwa yawanci saiwar wani itace ake dafa ta da shi, wasu kuma manja suke ɗigawa. In ta yi tsaki-tsaki kamar ƙwayar gero, kada ki tsorata, narkewa ta yi ta sake daskarewa a hankali, kuma tana aiki yadda take. Wadda za ki guda ita ce mai warin tsami ko mai ɗigon baƙi da kore, wannan ruwa ya zauna a ciki ta yi fumfuna.

Ni yanzu wurin tsohuwa ɗaya nake saye a kasuwar Aboabo ta Tamale, kuma duk sabon da ke tsakaninmu ba na karɓar na saman ƙwarya. Nakan ce, "Mma, yanko mini daga tsakiya in sunsuna." Sai ta yi dariya ta ce 'yan Kumasi ba su yarda da kowa ba, ta ɗauko wuƙa ta yanko.