Famfon Zafi a Ƙasa Mai Zafi da Bushewa: Abin da Na Gani Bayan Shekara Biyu

Shekara biyu ke nan da na cire tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ta taga, na kuma rabu da ƙaramar hita mai waya wadda nake fito da ita idan sanyi ya shigo, na maye gurbinsu da na'ura guda mai ɓangare biyu, ɗaya a bangon ɗaki, ɗaya a waje, wadda ake kira famfon zafi. Sunan kansa yana ruɗar mutane, musamman mazauna wuraren da rana take ƙuna fiye da rabin shekara, domin da zarar sun ji kalmar zafi sai su ɗauka kayan mutanen ƙasashen ƙanƙara ne. Ni ma haka na zata da farko, har sai da na fahimci cewa kowace na'urar sanyaya ɗaki famfon zafi ce, sai dai hanya ɗaya kawai take bi.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta ƙera sanyi. Zafin ɗakin take kwasa ta kai waje ta zubar, kuma gas ɗin da yake zagayawa cikin bututun tagulla shi ne ɗan dakon. A cikin ɗaki gas ɗin yana tsotse zafi ya zama tururi, kwamfuresa ta matsa shi ya ƙara zafi, a waje fanka ta hura masa iska ya saki zafin ya koma ruwa, sannan ya sake dawowa. Abin da ya bambanta famfon zafi shi ne wani ɗan bawul mai baki huɗu da yake juya akalar gas ɗin, ta yadda a lokacin sanyi na'urar take kwaso zafi daga iskar waje ta shigo da shi ɗaki. Tunanin ba sabo ba ne, domin masanin kimiyya William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana shi tun 1852. Ita kuwa na'urar sanyaya ta zamani, Willis Carrier ne ya tsara ta a 1902 domin wata maɗaba'a a birnin New York, kuma abin da ya dame shi a lokacin shi ne danshin da yake lalata takarda, ba zafin da yake damun ma'aikata ba. Wannan tarihin yana da amfani ga mai zaune a busasshiyar ƙasa, domin na'urar da aka haifa don yaƙi da danshi ita ce muke sawa a inda danshin ma nemansa ake yi.

Saboda haka, a fagen sanyaya ɗaki ban ga wani fifiko da famfon zafi yake da shi a kan na'urar sanyaya mai daraja ɗaya da shi ba, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka famfon zafi ya fi sanyi don kawai famfon zafi ne, to ciniki yake nema. Gaskiya ne wutar da nake sha a watannin zafi ta ragu, amma dalilin shi ne sabuwar na'urar tana da inbata, wato kwamfuresarta tana rage gudu ko ta ƙara gwargwadon bukata, maimakon ta tashi da ƙarfi ta mutu, ta sake tashi ta sake mutuwa kamar yadda tsohuwar take yi. Da na sayi na'urar sanyaya zalla mai inbata, da na sami wannan ragin.

Abin da ya fi cancantar a bincika kafin saye shi ne ajin yanayin da aka ƙera na'urar dominsa, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Ƙa'idar gwaji ta ƙasa da ƙasa ta raba na'urorin zuwa aji-aji. Ajin T1 ana auna ƙarfinsa ne lokacin da zafin waje yake digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma iyakar da aka tsara masa ita ce digiri 43, yayin da ajin T3 ake auna shi a digiri 46, yana kuma iya aiki har zuwa digiri 52. Dalilin bambancin a fili yake: yadda iskar waje ta ƙara zafi, haka zubar da zafi a cikinta yake ƙara wuya, sai kwamfuresa ta ƙara wahala, wuta ta ƙaru, sanyin kuma ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A birnin Phoenix na Amurka, a shekarar 2023, an yi kwana 31 a jere zafin rana bai kasa digiri 43 ba, kuma duk wanda yake da na'urar T1 a irin wannan yanayi yana tafiyar da ita ne a bakin iyakarta wata guda cur. Tawa T3 ce, kuma ita ce shawara mafi kyau da na yanke a duk cinikin.

Duk da haka na sha wahala a bazarar farko, kuma laifin ba na na'urar ba ne. Wanda ya girka ta ya ɗora ɓangaren waje a bangon yamma, cikin wani lungu ƙuntatacce, inda zafin da fanka ta hura yake bugun katanga ya dawo mata. Da la'asar sai ta riƙa yanke aiki domin kare kanta, ta huta, ta sake tashi. Sai da aka mayar da ita gefen da yake samun inuwa da sararin shaƙar iska kafin ta daidaita. Tun daga lokacin na gane cewa rabin ingancin irin wannan na'ura yana hannun mai girka ta.

Inda famfon zafi ya burge ni ƙwarai shi ne lokacin hunturu. Wanda bai zauna a busasshiyar ƙasa ba yana iya zaton babu sanyi a can, alhali kuwa iskar da babu danshi ba ta riƙe zafi, da rana ta faɗi sai ƙasa ta saki abin da ta tara, kafin asuba mutum ya nemi bargo biyu. Hita mai waya tana mayar da kilowat ɗaya na wuta ya zama kilowat ɗaya na ɗumi, ba ta wuce haka, haka ma murhun ɗumama gida mai ƙona gas ba zai taɓa bayar da fiye da abin da yake cikin gas ɗin ba. Famfon zafi kuwa, tunda ɗauko zafin yake yi ba ƙera shi ba, yana iya shigo da kilowat uku ko huɗu na ɗumi da kilowat ɗaya na wuta, muddin sanyin waje bai tsananta ba. Aikin da hita mai kilowat 2 take yi, shi zai yi shi da abin da bai kai kilowat ɗaya ba. Bushewar iska ma tana taimakonsa, domin a ƙasashe masu danshi da tsananin sanyi ƙanƙara tana daskarewa a jikin ɓangaren waje, sai na'urar ta dakatar da ɗumama ɗaki ta koma narkar da ita, abin da ban taɓa ganin tawa ta yi ba. Ga kuma kwanciyar hankali, tunda babu wuta mai ci a ɗaki, babu fargabar iskar nan mai guba marar wari da take fita daga gas ko gawayin da bai ƙone da kyau ba a rufaffen ɗaki. Sai dai a yi adalci: sanyin ɗan gajere ne, don haka ribar da ake samu a nan ba ta kai wadda mutumin Jamus ko Kanada zai ƙirga ba.

A ganina, babban abokin hamayyar famfon zafi a irin wannan yanayi shi ne na'urar sanyaya ta ruwa, wadda take jawo iskar waje ta ratsa ta cikin jiƙaƙƙen soso. Dabararta ita ce ta gumi a jikin mutum: kowace lita ɗaya ta ruwa da ta zama tururi tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400. Idan zafin waje digiri 40 ne, danshin iska kuma kashi 15 cikin ɗari, kyakkyawar na'ura irin wannan tana iya hura iska mai digiri 24 ko 25, kuma ba ta da kwamfuresa, fanka ce kawai da ɗan famfon ruwa, don haka wutar da take ci ƙalilan ce idan aka gwada da ta famfon zafi. Tana kuma ƙara wa iska laima, abin da famfon zafi ba ya yi. Shi ƙara busar da ɗakin yake, har na riƙa tashi da bushewar maƙogwaro da hanci a makonnin farko. Aibinta kuwa ba ƙarami ba ne. Tana shan ruwa a ƙasar da ruwa yake da daraja, gishirin da yake cikin ruwan yana toshe soson, dole a bar taga a buɗe domin iska ta fita, kuma da zarar hadari ya fara haɗuwa danshi ya tashi, sai ta zama fanka mai hura gumi. Ɗumama ɗaki kuwa ba aikinta ba ne ko kaɗan.

Ƙura ita ce harajin da mai famfon zafi yake biya a busasshiyar ƙasa. Ina wanke matatar iskar ɓangaren ciki duk mako biyu idan ƙura ta yi yawa, ina kuma sa a wanke haƙarƙarin ɓangaren waje da ruwa marar ƙarfi kafin zafi ya kama, domin ƙurar da ta liƙe a wurin tamkar bargo ce aka lulluɓa wa na'urar. Gas ɗin tawa R-32 ne, wanda illarsa wajen ɗumamar duniya ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na R-410A da ya gabace shi, kuma ya kamata mai saye ya tabbatar akwai makanikin da ya san aikinsa kusa da shi, tunda gas ne mai ɗan kama wuta. Akwai kuma nau'in famfon da ake binne bututunsa a ƙarƙashin ƙasa, amma busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar zafi da sauri, haƙan ma aiki ne babba, ban ga ya dace da ƙaramin gida ba.

Wanda yake da na'urar sanyaya mai inbata da take aiki lafiya, kuma darensa na hunturu bai wuce bargo ɗaya ba, ba zan ce ya cire ta ba. Wanda wuta take masa ƙaranci ko yake dogaro da sola, ruwa kuma yana wadace shi, ya fara duba na'urar ruwa. Amma wanda tsohuwar na'urarsa ta gaji, yana kuma kunna hita wata biyu ko uku a shekara, to famfon zafi mai inbata na ajin T3 shi zan nuna masa, tare da sharaɗin ya tsaya da kansa ranar girkawa ya ga bangon da za a ɗora ɓangaren waje.