Ruwan Inabin Kudan, Ja da Fari, a Wani Shagon Samaru

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya da sanyin hunturu ya ga masu tallan inabi a bakin titi, kuma mafi yawan wannan inabin daga gonakin Ƙaramar Hukumar Kudan yake fitowa, wadda hedikwatarta ke Hunkuyi. Shekara da shekaru muna sayensa mu wanke mu ci a gida, amma sai bana na tarar da wani ƙaramin shagon abinci a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, wanda yake matse shi a gaban mai saye, ya kawo shi a kofi tare da abinci. Sau uku na je kafin na zauna rubuta wannan sharhi.

Ya kamata in fara da abin da kowane Musulmi zai fara tambaya: wannan ruwan inabi ne zalla, wanda yanzu ake matse shi a ranar, babu barasa a cikinsa. A ƙasashe irin su Faransa, musamman yankunan Bodo da Bagandi, ana barin ruwan ya tsimu har ya zama giya, kuma a can ne aka fi sanin al'adar haɗa jar giya da jan nama, fara kuma da kifi. Giyar ta haramta gare mu, amma dalilin wannan haɗin yana cikin inabin kansa tun kafin ya tsimu, shi ya sa mai shagon ya ɗauki tsarin ya gwada shi da cimarmu.

Jan ne ya fi burge ni. Mai shagon yana murƙushe baƙin inabi, ya bar ruwan tare da ɓawon na ɗan lokaci kafin ya tace da farin ƙyalle, domin launin da ƙamshin duk a ɓawon suke. A cikin ɓawon da 'ya'yan akwai wani sinadari da ake kira tanin, wanda yake kawo baurin nan da ke kama harshe, irin wanda ake ji a goro ko a shayin da ya daɗe a wuta. Idan aka sha shi kaɗai, baurin yakan ɗan yi yawa. Sai aka kawo mini balangu mai kitse a takarda, da albasa da yaji a gefe. Da na ci yanka biyu na kurɓa, sai maiƙon da ya lulluɓe bakina ya wanke, baurin kuma ya kwanta har zaƙin inabin ya fito fili, saboda tanin yana manne wa sinadaran naman maimakon ya manne wa harshe. Haka na ci gaba har takardar ta zama fanko ba tare da naman ya gundure ni ba. Da tsire ma ya yi daɗi, sai dai idan yajin ya cika barkono, baurin yana ƙara masa zafi, don haka gara a nemi mai ƙuli-ƙuli da yawa.

Farin kuwa daga koren inabi ake yin sa, a tace nan take, saboda haka ba shi da bauri, sai ɗan tsami mai sauƙi. Da soyayyiyar karfasa ya zauna daidai, domin tsamin yana yin aikin da lemon tsami ke yi wa kifi. Na gwada shi da waina da miyar taushe, ban ji ya ƙara komai ba, domin wainar tana da nata tsamin, kabewar miyar kuma tana da nata zaƙin, suka taru suka danne shi. A nan kam kunun aya ya fi cancanta.

Akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba. Na farko, yaron shagon yakan zuba sukari a farin ba tare da ya tambaya ba, wanda hakan ke kashe tsamin da saboda shi ake neman sa. Na biyu ya fi girma. A zuwana na biyu an yi kwana guda babu wuta, firjin ya huce, kuma da aka buɗe kwalbar da ta kwana sai na ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, da wani wari mai kaifi. Wannan alama ce ta fara tsimuwa, domin a jikin ɓawon inabi akwai ƙwayoyin yis da suke juya sukari zuwa barasa da zarar sun sami ɗumi. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, wannan ta fara juyawa." Ya sunsuna, ya ce, "Gaskiyarka, Malam, Allah ya saka da alheri," ya zubar da ita a gabana, ya matso sabo. Na yaba da wannan, amma bai kamata a jira mai saye ya gano ba. Maganin kuwa sananne ne: tun a 1869 wani likitan haƙori mai suna Thomas Welch ya nuna a Amurka cewa idan aka ɗumama ruwan inabi aka rufe shi a kwalba mai tsabta, bisa hanyar masanin kimiyyar nan ɗan Faransa Louis Pasteur, ba ya tsimuwa. Ko dai shagon ya bi wannan hanyar, ko kuma ya daina ajiye abin da ya kwana.

Wurin yana da tsabta, kujerun kaɗan ne, kuma bayan sallar Magariba ɗalibai sukan cika shi. Kuɗin kofi ɗaya ya kusa na farantin abinci, wanda ba abin mamaki ba ne idan aka ga yawan inabin da ake matsewa kafin kofin ya cika. A zuwana na uku na tarar an kafa injin matsar a gaban kanta, ba a taɓa inabin sai an yi oda. Wanda zai je, ya je kafin kakar inabin ta wuce, ya nemi ja da balangu, ya kuma gaya wa yaron tun da wuri kada ya sa sukari.