Wata shida ina tace mujallu da DOAJ

Bara, da lokacin ƙarin girma ya matso, wata mujalla ta aiko mini imel tana ta zuba kirari, har da kirana Farfesa alhali ko digirin digirgir ban kammala ba. Na tura maƙala ranar Litinin, Alhamis aka ce an karɓa. Ko waƙafi ba a gyara ba, sai lambar asusu. Na biya. Da takarduna suka je gaban kwamiti, wani dattijo ya zagaye sunan mujallar da jan biro, ya ture ta gefe. Ga asarar kuɗi, ga kunya.

Wata ma'aikaciyar laburarenmu ce ta nuna mini DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, wanda aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Ba rajista, ba ko sisi, kuma yana buɗewa a waya ba tare da ya cinye data ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yana faɗin kuɗin bugawa ƙarara, da irin tantancewar da ake yi wa maƙala, da yawan makonnin da akan ɗauka kafin ta fito. Shawarata, a yi bincike da lambar ISSN, wato lambar shaida ta musamman da ake ba kowace mujalla, domin 'yan damfara sun ƙware wajen aron suna, su sauya kalma ɗaya kawai. Haka suka yi mini.

Da can jerin Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, muke dubawa, amma tun Janairun 2017 ya sauke shi. Jerin nasa sunayen waɗanda ake zargi ya tara, DOAJ kuwa na waɗanda suka nemi shiga aka tantance su.

Inda yake da rauni, rashin ganin mujalla a ciki ba ya nufin ta bogi ce. Mujallun sassan jami'o'inmu da dama, musamman masu buga maƙalu da Hausa, ba sa ciki, kuma na san editocinsu ba sa wasa da tantancewa. Irin waɗannan sai na leƙa AJOL, shafin intanet da ke tattara mujallun Afirka, ko na kira wanda ya taɓa bugawa a can. Sannan wadda ke ciki ma ba wahayi ba ce, akan cire wasu in halinsu ya canza. Don haka har yanzu nakan zaɓi suna biyu daga kwamitin editoci, in duba ko jami'ar da aka jingina musu ta san da su.