Binance P2P daga Damagaram: inda yake aiki, inda yake cizo, da maganar a haramta shi

Sashen P2P na manhajar Binance kasuwa ce da mutum ke sayen kuɗin kirifto a hannun ɗan'uwansa mutum, kamfanin na tsaye a tsakiya kamar dillali mai riƙon amana. Abin da aka fi saye shi ne USDT, wadda kamfanin Tether ke fitarwa, kowace ɗaya a matsayin dalar Amurka ɗaya. A kula, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Mai shago a Kasuwar Dole da ke son biyan mai kaya a Dubai ko Guangzhou, da wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga waje, su ne wannan hidima ta fi yi wa rana.

Buɗe asusu kyauta ne, amma sai da katin ɗan ƙasa ko fasfo, da hoton fuska da salula za ta ɗauka nan take. A nan mutane da dama ke maƙalewa. Tsohon kati da ya sha ninki a aljihu, aka ɗauke shi hoto da dare a hasken tocila, na'ura ba ta karanta shi. A ɗauka da rana, a inuwa, kusurwoyi huɗu duk su fito. Matsala ta biyu ta fi wannan girma: layin waya da aka yi wa rajista da sunan yaya ko ƙane. Dokar kasuwar ita ce sunan da ke kan asusu ya zama shi ne sunan mai biya. In suka saɓa, mai sayarwa na da hujjar ƙin sakin kaya, kuma ko ƙara ka kai, ba kai ke da gaskiya ba.

Wajen saye, za ka zaɓi sefa, wadda aka rubuta XOF, ka sa adadin da kake so, ka zaɓi hanyar biya. A nan raunin hidimar ga mutumin Nijar yake fitowa fili. Yawancin masu tallar suna ƙasashen gaɓar teku ne, suna karɓar Wave ko Orange Money ko MTN. Masu karɓar Airtel Money ko Moov na Nijar ba su kai su yawa ba, kuma inda masu sayarwa suka yi kaɗan, farashi kan ɗan hau. Kafin ka taɓa kowa, duba abu uku a ƙarƙashin sunansa: yawan cinikin da ya yi a kwana 30, kashi nawa cikin 100 ya kammala, da mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da yake sayarwa. Shawararmu, wanda bai kai kashi 95 ba a wuce shi, ko da ya fi kowa araha.

Da ka buɗe ciniki, Binance zai kulle USDT ɗin mai sayarwa, ba ya iya janye ta. Wannan kullewa ita ce dukan darajar hidimar. Ana ba ka lokaci, sau da yawa minti 15, ka tura kuɗi, ka dawo ka danna cewa ka biya. Wanda ya san halin rezo a garin nan, musamman in an ɗauke wuta, ya san minti 15 ba wani abu ba ne. In lokaci ya cika ba ka danna ba, cinikin zai soke kansa, kullen ya buɗe, kuɗinka kuwa ya riga ya tafi. Saboda haka kada ka fara sai batir ya cika, intanet na tafiya, kuɗin na cikin layi. Kuma bayan ka biya, ko mai sayarwa ya yi rantsuwa, kada ka soke ciniki da hannunka. Ka kai ƙara ta cikin manhajar, ka haɗa da saƙon shaidar biya mai lambar ciniki.

Mai sayarwa shi ma yana da nasa tarkon. Ana turo saƙon bogi mai kama da na kamfanin waya, ko hoton rasit da aka gyara, sannan a dame ka da kira, "Alhaji, sake mini, ina sauri." Kada ka saki sai ka shiga asusunka da kanka ka ga kuɗin ya ƙaru. Akwai kuma damfara mai ƙafa uku: ɓarawo ya yaudari wani ya turo maka kuɗi da sunan sayen babur, shi kuma ya karɓe USDT ya ɓace. Wanda aka cuta lambarka ya sani, kai za a kira komisariya. Maganinta ɗaya ne, in sunan mai turowa ya bambanta, a mayar da kuɗin inda ya fito.

Game da tsada, riba na ɓoye a tazarar saye da sayarwa. A misali, ka sayi USDT a sefa 600 kowace ɗaya da jika ɗari, ka samu kusan 166. In ka sayar a 585, abin da zai dawo maka kusan 97,500 ne, kafin kuɗin cirewa a wajen wakili. Don tura kuɗi Maraɗi ko Yamai, wannan ɓata lokaci ne. Nita, Amana ko Al Izza sun fi sauƙi, ga kanta da za ka koma in an yi kuskure. A kirifto babu kanta. USDT na bi ta layukan tura kuɗi daban-daban, kowane da irin adireshinsa: na layin TRC20 yana farawa da T, haruffa 34 ne. Na ERC20 da na BEP20 duka suna farawa da 0x, haruffa 42, kamarsu ɗaya, shi ya sa ake tura kuɗi ta layin da mai karɓa bai tanada ba. A tambayi layin da baki, a gwada da USDT 5, sai ta isa a tura saura.

Wani abu da ƴan uwanmu na Kano ke faɗa wanda bai hau kanmu ba shi ne ajiye dukiya a USDT. Su suna da dalili, naira ta tashi daga kusan 460 a dalar Amurka a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya. A 2025 dalar Amurka ce ta faɗi a gaban yuro, wanda ya sayi USDT sama da sefa 630 a watan Janairu ya tarar da ita wajen 560 a tsakiyar shekara. Bai yi cinikin banza ba, bai faɗa hannun ɓarawo ba, amma ya yi asara.

To, a haramta? Masu cewa a haramta ba shirme suke ba. Kuɗi na fita ƙasa ba tare da ya bi ta banki ko ka'idar canji ta BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ba, kuma a yankin da ke fama da ƴan bindiga, hukuma na da haƙƙin sanin inda kuɗi ke zuwa. Talakawa sun ƙone a MMM, tsarin damfara mai alƙawarin riba mai yawa, a 2016, sun sake ƙonewa a irinsa, CBEX, a Afrilun 2025. Manyan ma sun faɗi, TerraUSD, wadda ita ma aka ce daidai take da dalar Amurka, a Mayun 2022, kasuwar kirifto ta FTX a Nuwamban shekarar. Malamai kuma sun saɓa kan hukuncinsa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Sin ta haramta ciniki gaba ɗaya a Satumban 2021, Aljeriya ma ta hana tun 2018.

Amma darasin da ya fi kusa da mu yana ƙetaren Magarya. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto. Ciniki bai tsaya ba, P2P ya koma, har bankin ya janye umarnin a Disamban 2023. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu, a Maris kamfanin ya rufe hidimar naira, mutane suka watsu zuwa wasu manhajoji da zaurukan WhatsApp da Telegram. A 2025 Najeriya ta sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta shigar da kirifto ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Wato ta zagaya ta dawo kan sa ido.

Mu a ganinmu haramci a Nijar zai kashe ɓangaren da ke da kulle, da katin shaida, da wurin kai ƙara, ya bar wanda ba shi da ko ɗaya, inda kake tura jika ɗari biyar ga lambar da ba ka san mai ita ba kana jiran alheri. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi wa masu canjin rajista kamar yadda ake yi wa kamfanonin aika kuɗi, a tilasta musu ajiye bayanan ciniki, a hukunta duk mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata. Ɗaya gefen ma ba abin koyi ba ne: Afirka ta Tsakiya ta mai da Bitcoin kuɗin ƙasa a 2022, ta janye a 2023.

Ga ɗan kasuwa mai biyan kaya a waje, hidimar ta cancanci gwaji da kuɗi kaɗan, amma a matsayin mashiga kawai. Abin da ya faru da masu naira ya nuna kamfanin na iya rufe ƙofar wata ƙasa cikin kwanaki, don haka a saya, a biya, a fita, kada a bar jarin shago ya kwana a ciki.