Robar minshari da aka yi wa maigida a Jidda

'Yan uwa mata na Jidda da Makka masu fama da minsharin maigida, ga abin da na gani game da robar bakin nan da likitan haƙori ke yi, don mu kam ta yi mana amfani sosai alhamdulillahi. Amma ba irin ta saidaliyya, wato kantin magani, nake nufi ba wadda ake jefawa a ruwan zafi a ciza, zan zo kanta.

Ni ba ƙarar ce ta ɗaga min hankali ba, na daɗe da sabawa da ita. Shirun da yake yi a tsakani ne, sai numfashin ya ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura kamar an shaƙe shi ya ci gaba, kuma da safe bai san an yi ba. Ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, ga hawan jini, ga shi direba ne mai jigilar fasinja tsakanin Jidda da Makka, wajen kilomita 80, yana gyangyaɗi a sitiyari da rayukan mutane a mota, wallahi idan ya fita raina ba ya kwanciya.

A mustashfa, wato asibiti, aka ba shi na'urar gwajin barci ya kwana da ita a gida, ɗaya a yatsa, siririn bututu a hanci, ɗamara a ƙirji. Tana ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa na daƙiƙa 10 ko fiye a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 ya yi tsanani. Nasa matsakaici ya fito. An fara ba shi injin CPAP mai hura iska ta hanci, kuma gaskiya shi ne ya fi ƙarfi, wanda nasa ya tsananta ya daure ya riƙe shi. Maigida dai ya kasa, cikin barci yake fizge shi, ga lokacin mausim na aikin Hajji da azumi duk inda ya samu nan yake kishingiɗa. Shi ne likitan ya tura mu wajen na haƙori.

Robar gida biyu ce, ta sama da ta ƙasa, sai da aka ɗauki awon haƙoransa sannan aka ƙera. Aikinta ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba da 'yan milimita kaɗan, harshe ya biyo, maƙogwaro ya daina rufewa idan jiki ya saki. Ba lokaci ɗaya ake turowa ba, ana komawa yana ƙarawa kaɗan kaɗan har a samu daidai, kuma a nan na yaba wa likitan, bai yi gaggawa ba, sai da ya duba dasashi ya cike wani haƙori mai kogo tukuna. Ya ce wanda haƙoransa suka zube da yawa ko suke girgiɗi, ko mai ciwon gaɓar muƙamuƙi, ba lallai ta yi masa ba.

Farkon sawa an sha wahala, yawu ya jiƙa matashi, muƙamuƙi na ciwo da safe, yana jin haƙoransa ba sa haɗuwa daidai sai ya ɗan motsa bakin. Yawun da ciwon sun wuce, amma an gaya mana da daɗewa cizon haƙori na iya canzawa, shi ya sa ake komawa dubawa. Kuɗinta kuma da nauyi, ku fara tambayar ta'amin ɗinku, wato masu inshorar lafiya, ko suna biya kafin a ɗauki awo.

Ta saidaliyyar nan wani abokinsa ya taɓa kawo masa, araha ba ta ado, cikin dare take faɗowa. Abin da ya fi damuna da ita, ko ta rage ƙarar ba wanda ya san ko numfashin na ci gaba da ɗaukewa, mace ta ga an yi shiru ta ɗauka an warke alhali jini na ta hawa. Mu bayan an gama saita tasa sai da aka sake gwajin barcin tana bakinsa, lambar ta sauko, gyangyaɗin rana ya tafi. Don Allah ku matsa a yi wannan gwajin na biyu.

Da buroshi da ruwan sanyi ake wanke ta a bar ta ta bushe a akwatinta, kar a sa mata ruwan zafi, kar kuma a manta ta a cikin mota da ranar Jidda, lanƙwashewa take yi.